Manyan karnukan aiki: wanne ne zai iya raka mutum daji da dutse?

A Turai da Amurka akwai mutanen da hutunsu ba ya cika sai sun goya jaka sun nausa daji ko sun hau dutse, su kwana biyu ko uku a tanti, kuma da yawansu kare ne abokin tafiyarsu. Hotunansu sun cika waya, sha'awar kuwa ta yaɗu har ta iso inda ba a zata ba. Yau sai ka ji matashi a Abuja ko Jos, cikin masu fita hawan dutse ranar Asabar, yana cigiyar kwikwiyon Husky ko na Caucasian. Abin da ya ja shi girma ne da gashi da kwarjini. Amma abin da zai biya kuɗi ya ɗauko aiki ne na ɗaruruwan shekaru da aka dasa a jikin dabbar, tare da sanyi ko zafin ƙasar da aka yi wannan aikin. Wanda bai san aikin da ƙasar ba, shi da karen duka za su sha wuya, karen kuma shi zai fi sha.

Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta ware wani rukuni da take kira na karnukan aiki. A cikinsa ta zuba Husky da Malamute masu jan kaya a ƙanƙara, da Saint Bernard da Newfoundland masu ceto, da Rottweiler da Boerboel da Anatolian masu gadi. Rukuni ɗaya ne a takarda, amma halinsu ya sha bamban ƙwarai, domin wanda aka ƙera don ya yi gudu yini guda da wanda aka ƙera don ya kwanta kusa da tumaki yana sa ido ba za su yi tafiya iri ɗaya ba.

Masu jan kaya su ne suka fi suna, kuma sunan ya samo asali ne daga abin da ya faru a watan Janairun 1925 a garin Nome da ke gaɓar tekun Alaska. Cutar mashaƙo ce ta ɓulla, irin wadda ta addabi Kano da Yobe a 2023. Likita ɗaya ne a garin, Curtis Welch, maganin da ke hannunsa kuma ya daɗe da lalacewa. Teku ta daskare, jirgin ruwa ba ya shiga, jiragen sama na wancan zamani kuwa ba su iya jure wannan sanyi. Sai aka ɗauko maganin daga Anchorage a jirgin ƙasa zuwa Nenana, inda dogo ya rabu da hanyar Nome. Daga nan saura kilomita 1,085 na ƙanƙara da duhu, sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili. Mutum 20 da karnuka wajen 150 suka yi ta miƙa wa juna ƙunshin maganin, kowa ya ja amalankensa mara taya zuwa zango na gaba, har ya isa Nome da asubahin 2 ga Fabrairu, cikin kwana biyar da rabi.

Balto, karen da ya jagoranci ayarin Gunnar Kaasen a zangon ƙarshe, shi aka gina wa mutum-mutumi a birnin New York a wannan shekarar. Amma wanda ya fi kowa shan hanya shi ne Togo, jagoran karnukan Leonhard Seppala. Su ne suka yi tafiyar fiye da kilomita 400 idan aka haɗa da fitowarsu daga Nome don tarbar maganin, su ne kuma suka ratsa ta kan daskararriyar tekun Norton Sound da iska ke neman farfasawa. Shekarun Togo 12 a lokacin, nauyinsa kuma bai wuce kilo 22 ba.

Wannan nauyi shi nake so mai karatu ya riƙe. Karen da ya yi aikin da ya fi kowane wuya a labarin bai kai rabin buhun siminti ba. Lokacin da aka fara kawo irinsa daga mutanen Chukchi na Saiberiya zuwa Alaska wajen 1908, mutanen wurin raina su suka yi saboda ƙanƙanta, sai da suka fara cinye tsere aka shiga taitayi. Husky na yau yana tsakanin kilo 16 da 27. Malamute, wanda ya kai kilo 35 zuwa 40, shi ne mai ƙarfin jan kaya masu nauyi, amma a hankali yake tafiya. Har gobe a tseren Iditarod, wanda aka fara a 1973 kuma yake cin kusan kilomita 1,600 daga yankin Anchorage zuwa Nome, karnuka matsakaita ne ke gudu, ba ƙatti ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Haka abin yake a tarihin Roald Amundsen, ɗan Norway da ya fara taka tsakiyar ƙuryar kudu ta duniya ranar 14 ga Disamba, 1911. Da karnukan Greenland 52 ya tashi, da 11 ya dawo, domin tun a lissafinsa ya shirya yanka wasu a hanya don ciyar da sauran. Ina ambaton wannan ne saboda masu yayata waɗannan labarai sukan tsallake shi, alhali juriyar da ake yabo a jikin waɗannan karnuka da rayukansu aka biya ta.

To mene ne mai sayen Husky yake kawowa gida? Dabbar da jininta ke ce mata ta ja, ta yi gudu, kada ta waiwaya. Idan ka kwance mata igiya a fili, kiranka ba lallai ya dawo da ita ba. Tana haƙa rami a gindin katanga, tana tsallake shinge, kuma tana bin duk ƙaramar dabbar da ta gifta, domin kakanninta a bazarar Saiberiya sakinsu ake yi su nemi abincinsu. A unguwar da kaji da awaki ke yawo, wannan rigima ce da maƙwabta tun kafin a je ko'ina. Gadi kuwa ba ta iya ba, kowa nata ne.

Labarin Saint Bernard ya fi ba ni tausayi, don yana nuna yadda son girma ke kashe aiki. A kan tsaunukan Alps, tsakanin Suwizalan da Italiya, akwai wata mashiga mai tsayin mita 2,469 inda malaman addinin Kirista suka kafa masaukin matafiya tun ƙarni na 11. Daga baya suka riƙa kiwon karnuka masu gano hanya cikin hazo da tono mutanen da dusar ƙanƙara ta binne. Wanda ya fi shahara shi ne Barry, da ya rayu daga 1800 zuwa 1814, ana kuma danganta masa ceton mutum fiye da 40. Gawarsa da aka adana tana gidan tarihi a birnin Bern. Nauyinsa bai wuce kilo 40 zuwa 45 ba, gashinsa gajere. Bayan zamaninsa aka haɗa irin da Newfoundland, aka sami masu dogon gashi, sai aka tarar ƙanƙara tana daskarewa a gashin tana yi musu nauyi. Masu kiwo don nuni kuma suka dinga zaɓen mai ƙaton kai da faɗin ƙirji, har Saint Bernard na yau ya kai kilo 70, 80, wani ma ya zarce. Yanzu masu ceto a tsaunukan da jirgi mai saukar ungulu suke aiki, da karnuka marasa nauyi da za a iya ɗagawa a sa a ciki. Sunan yana nan, amma jikin da ya yi aikin ya tafi.

Newfoundland shi gwanin ruwa ne, akwai fata tsakanin yatsunsa, gashinsa kuma ba ya shan ruwa da wuri. Ɗaya daga cikinsu mai suna Seaman ya raka ayarin Lewis da Clark da suka ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806. Inda akwai kogi da sanyi, aboki ne na gaske. Inda babu, dakon gashi kawai yake yi.

Sai masu gadin garke, waɗanda a nan aka fi yin kuskure. Kangal na lardin Sivas a Turkiyya, da Caucasian na tsaunukan Kafkas, da farin karen tsaunukan Pyrenees, duk aikinsu ɗaya: a sa kwikwiyo cikin tumaki tun yana ɗan makonni, ya tashi yana ganin su ne danginsa, ya tare kyarkeci da dare ba tare da makiyayi ya ce masa komai ba. Aikin yana ci sosai. A Namibiya, wata cibiyar kare dabbar cita, wannan dangin damisa mai tsananin gudu, wadda Laurie Marker ta kafa, ta fara raba wa makiyaya karnukan Anatolian a 1994. Da asarar awaki ta ragu, sai makiyayan suka rage harbin citar. Kare ya ceci garke, ya kuma ceci abin da yake kora.

Amma ka duba halin da wannan aiki ke buƙata. Kare ne da yake yanke hukunci da kansa, yake ɗaukar duk baƙo a matsayin abin zargi, yake kwana yana haushi, da rana kuma ya kwanta ya tara ƙarfi. Tafiyarsa ta garke ce, sannu-sannu, a tsaya a yi kiwo. Ka ɗauko shi ka sa a siririyar hanyar dutse inda kowane minti baƙuwar fuska ke ɓullowa, to ka sa shi cikin aikin da ba ya ƙarewa, domin a ganinsa kai ne garken, kowa kuma kyarkeci ne. Ko a Faransa, masu yawon tsaunuka sukan yi karo da waɗannan karnuka a wuraren kiwo, har hukumomi na kafa alluna suna gargaɗin a kewaye garke daga nesa. Caucasian mai kilo 60 ko 70 idan ya yunƙura, igiyar da ke hannunka ba za ta tsayar da shi ba. Boerboel na Afirka ta Kudu ya fi su jure zafi saboda gajeren gashi, amma shi ma mai tsaron gona ne, nauyinsa kuma ba na doguwar tafiya ba ne.

Idan da gaske abokin tafiya ake nema cikin manyan karnuka, ni a ganina waɗanda aka ƙera don su yi aiki ido da ido da mutum sun fi dacewa. German Shepherd, wanda Max von Stephanitz ya kafa irinsa a Jamus a 1899, da ɗan'uwansa Malinois na Beljiyam, karnukan kora garke ne masu jiran umarni. Suna waiwayen mai su, suna dawowa in an kira. Sharaɗinsu shi ne a ba su aiki kullum, in ba haka ba su samo wa kansu, kuma ba za ka so wanda za su samo ba. Akwai kuma Ridgeback na kudancin Afirka, mai layin gashi a gadon baya da ya kwanta saɓanin sauran gashin jikinsa, wanda aka rubuta siffofin irinsa a Bulawayo a 1922. Jininsa ya haɗa da na karnukan mutanen Khoikhoi, an kuma yi amfani da shi wajen tsare zaki har maharbi ya iso. Gashinsa gajere, nauyinsa wajen kilo 32 zuwa 39, ƙafarsa ta saba da doguwar hanya a rana.

Rana ita ce babbar magana ga duk wanda ke zaune a ƙasashenmu. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum ko doki, ɗan gumin da yake yi a tafin dagi ne kawai. Da haki yake sanyaya kansa: ya zaro harshe, iska ta riƙa busar da damshin baki da hanci da maƙogwaro, zafi ya fita tare da tururin. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, idan ya haura 41 kuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji sun fara lalacewa. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, iskar da zai shaƙa don ya huce ta riga ta fi jikinsa zafi. Da damina kuma iska ta jiƙe, hakin ba ya busar da komai. Girma yana ƙara dagula lamarin, kamar yadda babbar tukunya ta fi ƙarama jimawa ba ta huce ba. Ka ɗora wa wannan jiki gashi ninki biyu irin na Husky ko Caucasian, sannan ka ce ya hau dutse da hantsi.

Wanda ya taɓa ganin kare a wannan hali ba ya mantawa. Harshen ya faɗaɗa ya yi ja wur, ya zubo har gefen baki, yawu ya yi kauri yana dalala kamar zare. Yana tafe yana ratsewa duk inda ya ga ɗan inuwa, ya kwanta, ka ja shi ya tashi don yana son ya bi ka. Can sai ƙafafun baya su fara tangaɗi, amai ya biyo. Abin da ya sa karen aiki ya fi shiga wannan haɗari shi ne an ƙera shi ne don kada ya tsaya. Kai ne za ka tsayar da shi, ka kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki, musamman ciki da cinyoyi, ka yi masa fifita, sannan a nufi likitan dabbobi ko da ya nuna ya farfaɗo. Ƙasa ma tana ƙuna: ka ɗora bayan hannunka a kan dutse ko kwalta, in ba za ka iya barinsa na ɗan lokaci ba, dagin kare ma ba zai iya ba.

Sahel kuwa tana da nata karen, kuma duniya ta san shi. Daga kwarin Azawak, wanda ya taso daga arewacin Tawa a Nijar ya shiga yankin Menaka a Mali, inda shanun Azawak suka samo suna, can ne asalin dogon karen nan na Buzaye da Fulani. Tsayinsa a kafaɗa santimita 60 zuwa 74, wato ya kai German Shepherd ko ya fi shi, amma nauyinsa kilo 15 zuwa 25 ne kacal. Fatarsa siririya, gashi kamar an aske, haƙarƙari a bayyane ko yana cikin ƙoshi, ƙafafu dogaye sun ɗaga cikinsa daga zafin rairayi. Yana gadin zango da dare, yana kamo zomo da barewa da rana. An fara kai shi Turai a shekarun 1970, Amurka kuma ta amince da shi a matsayin cikakken iri a 2019. A can idan hunturu ya shiga sai an sa masa riga. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Karnukan mafarautanmu ma, waɗanda ba su da takardar asali, siffarsu ta nan ce: jiki a ɗame, gashi gajere, dagi mai tauri, ga sabo da cututtukan wurin. Yana ba ni takaici in ga an raina su ana kashe dubban ɗaruruwa a kan dabbar da za ta ƙare rayuwarta a ɗaki gaban fanka.

Mai karatu Musulmi zai tambayi hukunci, kuma tambayar tana kan hanya. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, hadisai ingantattu kuma sun yi rangwamen riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, tare da gargaɗin raguwar lada ga wanda ya riƙe shi ba don irin wannan buƙata ba. A mazhabar Malikiyya, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Ko yawon daji ya shiga cikin buƙatun da aka yi wa rangwame, wannan magana ce da mutum zai kai wa malaminsa kafin ya sayi kwikwiyo. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haƙƙin dabbar da ka ɗaure yana wuyanka.

Wanda ya riga ya mallaki babban kare kuma yake son fita da shi, akwai lissafin da ba a tsallakewa. Ƙashin manyan iri ba ya gama ƙosawa sai sun kai wata 18 zuwa 24, doguwar tafiya ko ɗaukar kaya kafin nan tana lalata gaɓoɓi, ga shi dama ciwon kwatangwalo gado ne a yawancinsu. Ruwa kuwa, kare mai kilo 40 yana shan wajen lita biyu zuwa biyu da rabi a yini yana kwance a gida, a kan hanya sai ya ninka, kuma a bayanka ruwan zai hau. Jakar da ake ɗaura wa kare a fara ta da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, kada ta taɓa wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Kada a cika masa ciki dab da tashi ko da isowa yana haki, domin karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu yana iya kumbura ya murɗe, abin da ke kisa cikin sa'o'i in ba a yi tiyata ba. Sannan ka tambayi kanka: in ya yanke dagi ko kububuwa ta sare shi a saman dutse, za ka iya saɓo shi zuwa mota? Mai kilo 25 za ka iya. Mai kilo 65 sai an nemo mutane.

Da an dawo gida, a zaunar da shi a duba shi da hannu. Ka buɗe tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, nan tsidau ke maƙalewa. Ka bi bayan kunne da hammata da gindin wutsiya, nan ƙarangiya ke dunƙulewa a gashi, nan kuma kaska ke laɓewa. Kaska ba ƙaramin abu ba ce, tana ɗauke da cututtukan jini da suka kashe karnukan sojan Amurka masu yawa a yaƙin Biyetnam, akasarinsu German Shepherd, domin irin ba ya jure su. A dazuzzukan da ke da tsando kuma, sammore yana kama kare kamar yadda yake kama shanu, baƙon iri ya fi saurin faɗuwa.

Allurar riga-kafin haukan kare ita ce ta gaba da komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kusan duka kuma ta cizon kare. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin allurar, ana fara yi wa kwikwiyo daga wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. In an yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Igiya kuma kada ta bar hannu. Dajin da ake gani a hotunan Alaska fili ne da za a yi kwanaki ba a ga mutum ba. Namu kowace hanya ta wani ce: burtali ne, ko gefen gona, ko hanyar rafi da yara ke bi da tulu. Babban kare da aka saki ya yi minti biyu a cikin garken wani ya isa ya jawo biyan diyyar tunkiya da gabar da za ta hana duk masu hawan dutse bi ta wannan ƙauye. Kafin a shiga, a yi sallama da mai unguwa, a tambayi inda makiyaya suke kiwo a wannan makon, a bi ta wani gefen.